Yasar Rijiya a Bazara: Abin da Muke Yi Kafin Ƙafa Ta Shiga

Daga watan Maris zuwa Mayu ne aikin yasar rijiya ke yi mana yawa a ƙauyukan Jigawa da Kano. Ruwa ya ja baya, guga ya fara fitowa da taɓo, sai mai gida ko mai unguwa ya aiko a zo a yashe. A wannan lokacin ne kuma iskar cikin rijiya ta fi lalacewa a duk shekara. A waje zafi yana haura 40 a ma'auni, ƙasan rijiya kuwa da sanyi-sanyinsa. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka ta ƙasa ba ta tasowa, ta sama ba ta sauka. Da hunturu sanyin dare yakan gangara ya ture ta ciki. Da bazara babu wannan, abin da ya taru a ƙasa yana nan sai an kore shi.

Zan bi aikin daki-daki yadda muke yinsa, in ɗauki rijiyar gida mai zurfin gaba 8, wato kusan mita 15, mai faɗin mita 1.2. Duk shirin da za ka gani a nan manufarsa guda ce: idan wanda ke ƙasa ya suma, a iya fito da shi ba tare da wani ya bi shi ciki ba.

Shi ya sa ba ma zuwa aiki ƙasa da mutum 5. Ɗaya ya shiga, ɗaya ya tsaya a bakin rijiya ba shi da aikin komai sai kallon na ƙasa, uku su riƙe igiya da jan taɓo. Masu gida sukan ce mun yi yawa, ai mutum 2 ma suna yi. Suna yi, amma namiji mai nauyin kilo 70 da ya jiƙe ya kuma sume, mutum ɗaya ba zai jawo shi daga gaba 8 ba, ko da shi ne sarkin ƙarfin garin.

Kafin mu kwance kaya sai mun zauna da mai rijiya. Yaushe rabon da a yashe ta? A rufe take ko a buɗe? Akuya ko kaza ta taɓa faɗawa ta mutu a ciki? An taɓa sauke inji a ciki, ko an zuba wani magani? Ina masan gidan da na maƙwabta? Ka'ida ita ce tsakanin masai da rijiya a samu mita 30, amma a gidajen cikin gari sau da yawa katanga ce kawai ta raba su. Nakan ce, "Alhaji, a faɗa mana yadda abin yake, ba kuɗin aiki za mu ƙara ba, ran yaron nan muke tattali." Rijiyar da aka daɗe da rufewa da langa-langa ko katako, ganye da shara suna ruɓewa a ciki, ita muka fi tsoro, fiye da ta bakin kasuwa da guga ke shiga yana fita tun asuba.

Sai leƙe. Da hantsi muke ɗaukar madubi mu karkato hasken rana cikin rijiyar, ya fi kowace tocila. Da shi ake ganin tsagewar zoben kankare, da inda wani zoben ya goce daga kan ɗan'uwansa, da kogon da ƙasa ta zaizaye a baya, da saiwar itace, da gidan rina ko zuma. Maciji ma yakan kwanta a matakan bango. Yanayin ƙasa ya danganta da wuri. A wajajen Gumel, Maigatari, Ringim da Haɗeja rairayi ne, rijiyar da ba a ɗaure ta da kankare ba tana iya ruftawa babu sanarwa. A wajajen Dutse, Birnin Kudu da Rano an fi cin karo da marmara da dutse, bango yakan tsaya, amma ɓarɓashin dutse na faɗowa. Ƙasa mai faɗin mita 1, tsawon mita 1, zurfin mita 1 nauyinta ya kai tan ɗaya da rabi, wato buhun siminti 30. Ko rabin haka ya danne ƙirjin mutum ba zai iya jan numfashi ba, ko da kansa yana waje. Idan muka ga bangon rairayi ya yi ciki ko yana zubowa da kansa, ba ma karɓar aikin yasa, sai dai aikin ɗauri daga sama zuwa ƙasa.

Bakin rijiya muna share shi tas. Duwatsu, bulo, kwanuka, takalma, duk a kawar. Inda za a riƙa juye taɓo a yi nesa da baki da gaba 2, don nauyinsa kada ya danna gefen rijiyar. Dutsen da ya faɗo daga mita 15 yana isa ƙasa da gudun da ya haura kilomita 60 a awa, kuma na ciki ba shi da inda zai kauce. Yara da 'yan kallo ana ja musu layi da igiya, a sa dattijo ɗaya ya tsare.

Sannan a kafa abin rataya. Mu ƙafa uku ta bututun ƙarfe muke da ita, da gargare biyu a sama. Inda babu, gwafa biyu masu kauri da aka binne sosai da azara lafiyayya a gicciye suna yi, amma a ƙwanƙwasa azarar a ji ko gara ta cinye cikinta. Igiya biyu ce dole: ta mutum daban, ta guga daban, kuma ba a musanya su. Ta mutum nailan ce mai kaurin milimita 12 ko fiye, ba ƙulli a tsakiya, ba wadda rana ta ci har tana farin gari a hannu. Igiyar ɗiban ruwan gidan ba ta shiga lissafi ko kusa. Muna bin ta da hannu daga kai har gindi kowace safiya. Bayan an kafa, sai mu ɗaura buhun yashi biyu, mu sauke su har ƙasa mu jawo. Da haka ake gwada azara da gargare da igiya, a kuma ga ko mutanen da ke sama za su iya ja, da minti nawa za su ɗauka. In sun wuce minti 2, a ƙara mutum.

Ɗaurin jiki shi ne inda mutane da yawa ke yin kuskure. Ɗaura igiya a ƙugu kaɗai ba tsaro ba ne. Wanda ya suma jikinsa yana sakewa, ya lanƙwashe gida biyu, kai da ƙafa su rataya ƙasa, ya tokare a bango ko ya zame ya fita daga igiyar. Zarge kuma ya fi muni, don yana matse ƙirji da zarar an ja. Abin da ya dace shi ne ɗamarar jiki irin ta masu aiki a dogayen gine-gine, mai zagaye cinyoyi da kafaɗu, da zoben ƙarfe a baya tsakanin kafaɗu. A nan ake maƙala igiya, don ko a sume mutum zai taso a miƙe, kai a sama. Ana samunta a kasuwar kayan gini a Kano. Inda ba a samu ba, a yi mazauni da igiya mai kauri a cinyoyi biyu, a haɗa da wani ɗaurin a ƙarƙashin hammata da ƙullin da ba ya zargewa, a gwada rataya shi a waje tukuna.

Yanzu kwashe ruwa, kuma a nan ne aka fi asarar rayuka. Injin ban ruwa mai shan fetur ba ya iya zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita 7 zuwa 8, komai sabuntarsa, haka yanayin zuƙa yake. To rijiya mita 15 ce, sai dabara ta zo wa mutane: a ɗaure injin da igiya a sauke shi rabin rijiya, ko a kafa masa katako a ciki, wani ya shiga ya tayar. Hayaƙin fetur yana ɗauke da kabon monoksaid. Ba shi da wari, ba shi da launi, kuma jini yana kama shi fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 da ɗoriya. A cikin rami mai faɗin mita 1.2, mintuna kaɗan sun isa ya kai matakin kisa. Abin da ke yaudarar mutane kuma shi ne ko an kashe injin an fito da shi, gubar tana nan awanni. Sai a ce ai an kashe tun ɗazu, wani ya shiga gyara tiyo, shi ke nan. A wurinmu inji mai hayaƙi ba ya shiga rijiya, ko na minti ɗaya. Famfon sumo, wato na lantarki mai aiki a cikin ruwa, muke saukewa, janareto yana sama, nesa da baki da aƙalla mita 6, ta ɓangaren da iska ke tafiya da hayaƙin gaba. In babu sumo, guga da hannu. Zai ci lokaci, ya ci.

Sumo ma da nasa sharrin. Wayar da aka yi wa ɗauri da leda a cikin ruwa tana kashe mutum nan take. Ba a kunna shi mutum yana tsaye a cikin ruwa. A zare wayar daga janareto, mai shiga ya gani da idonsa. A ƙasar rairayi kuma ba a kwashe ruwa da gaggawa, don ruwan da ke shigowa da ƙarfi yana jawo yashin bayan zobe ya bar kogo, daga baya zoben ya zauna ko ya karkace.

Ruwa ya ragu, sai gwajin iska. Iskar da muke shaƙa a fili oksijin ɗinta kusan kashi 21 cikin 100 ne. Ya sauka ƙasa da 19.5, ba a shiga. A wajen 16 mutum zai fara haki da rikicewar tunani, ƙasa da 10 suma ne, a 6 kuwa mintuna kaɗan ne. A rijiya ruɓewar ganye da tsatsar ƙarfe suna cinye oksijin, ƙasa kanta kuma tana fitar da kabon dayoksaid, musamman idan hadari na haɗuwa. Wannan iskar ta fi ta fili nauyi sau ɗaya da rabi, tana kwanciya a gindin rijiya kamar yadda ƙullu ke kwanciya a gindin ƙwarya. Shi ya sa mutum zai sauka gaba 6 lafiya lau yana raha, a ta bakwai ya saki igiya. Mutanen gari su ce mutanen ɓoye ne suka taɓa shi. Ba na jayayya da kowa a bakin rijiyarsa. Addu'a muna yi kafin mu fara, gwaji ma muna yi.

Na'urar gwaji 'yar ƙarama ce, ba ta fi wayar hannu girma sosai ba, tana auna abu huɗu: oksijin, kabon monoksaid, iskar masai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da iskar gas mai kama wuta. Ana kunna ta a fili tukuna a ga ta nuna 20.9. Sannan a ɗaura mata zare a sauke ta a hankali, a tsaya a kowace gaba kamar minti 1, don ba ta karantawa nan take, har a kai dab da ruwa ba tare da ta taɓa shi ba. A jawo a duba mafi munin abin da ta gani. Yawancinsu suna kuka idan oksijin ya sauka ƙasa da 19.5, ko iskar masai ta kai kashi 10 cikin miliyan, ko kabon monoksaid ya kai 35 cikin miliyan. Ba ta auna kabon dayoksaid kai tsaye, don haka ko oksijin ya nuna 20.3 ne a ƙasa alhali a sama 20.9 ne, mun san wani abu ya shiga wurinsa, sai mu hura. Tana da tsada ga mutum ɗaya, amma masu sana'ar a ƙaramar hukuma ɗaya za su iya haɗa kuɗi su saya. Idonta kuma yana mutuwa da shekaru, sai ana kai ta ana daidaitawa.

Wanda ba shi da ita kyandir yake saukewa a cikin gwangwani buɗaɗɗe, kamar yadda iyayenmu ke yi da aci-balbal. Ya fi babu nesa ba kusa ba, amma a san iyakarsa. Harshen wuta ba ya mutuwa sai oksijin ya sauka wajen 16 zuwa 17, wato yana iya ci a iskar da ta riga ta gaza wa mutum mai aikin ƙarfi. Don haka ba mutuwarsa kaɗai ake jira ba: ya ƙanƙance ko ya yi ja, a ɗauka iska ba ta da kyau. A bar shi minti 3 a can ƙasa. Kuma kyandir ba ya ganin hayaƙin inji, ba ya ganin iskar masai. Zai ci garau a iskar da za ta kashe mutum. A masai, sokawe, ko rijiyar da ke kusa da gidan mai kuwa, sauke wuta neman fashewa ne. Masu sauke kaza su ga ko za ta dawo da rai, su ma abin da suka gani na wannan lokacin ne kawai, kafin a motsa taɓo.

Ko gwaji ya yi kyau muna hurawa. Injin hura iska muke da shi mai baki inci 8, wanda muke kira bulowa, da dogon bututun tamfol da ke kai iskar har kamu 2 daga ƙasa. Turawa ake yi, ba zuƙowa ba: sabuwar iska ta sauka gindi ta turo tsohuwar sama. Lissafin ba wuya. Rijiya mai faɗin mita 1.2, kowace mita ta zurfi tana ɗaukar lita 1,130, mita 15 ke nan kusan lita 17,000 na iska. Ana so a sauya ta sau 7 kafin shiga, kusan lita 120,000. Irin wannan bulowa a rubuce tana tura wajen lita 25,000 a minti, amma da dogon bututu muna ɗaukar rabi, sai ya kama minti 10. Mu minti 30 muke ba ta, sannan mu sake gwaji. Bakin da take jan iska a kula da shi ƙwarai: in yana fuskantar hayaƙin janareto, guba kake aika wa ɗan'uwanka da hannunka. Iska ta juya, a matsar da janareton. A cika tankinsa tun kafin a shiga, kuma bulowa ba ta tsayawa muddin mutum yana ciki. Ta tsaya, ya fito, ba sai an yi shawara ba.

Inda babu inji, a ɗaure damin rassan darbejiya masu ganye, ko lema a buɗe a juye, a riƙa saukewa ana jawowa da sauri na rabin awa. Yana motsa iskar, amma ba ya kai bulowa, sai an sake gwaji. Abu biyu ba a yi. Ba a cinna wa kara ko tsumma wuta a jefa ciki wai don a kori mugun abu ko maciji, domin wutar tana cinye ɗan oksijin da ya rage ta bar hayaƙi. Ba a kuma ɗauko tukunyar oksijin ta masu walda a saki a ciki; oksijin ya haura kashi 23.5, tartsatsi kaɗan sai tufafin mutum su kama.

Mai shiga sai lafiyayye, wanda ya yi barci ya kuma karya. Mai zazzaɓi, mai asma, mai farfaɗiya, ko wanda ya sha ƙwaya don ƙarin ƙarfi, ba ya shiga. In aikin ya faɗo a azumi muna yinsa da sassafe mu tashi kafin rana ta take. Yana sa hular kwano mai maɗauri a haɓa, tocila a goshi, na'urar gwaji a maƙale a ƙirji kusa da hanci. Takunkumin ƙura ko jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci ba sa ƙara oksijin, ba sa tare guba, kada ma su sa mutum ya saki jiki. Igiyarsa ana zagaya ta a jikin turke ko itace sau biyu ana sakinta kaɗan-kaɗan, ko da yana taka matakan bango da ƙafarsa. Ya isa ƙasa, ba ya kwance ta. Wannan ita ce dokar da yara suka fi son karyawa, wai tana hana su sunkuyo. Wanda ya kwance igiya a ƙasa ya gama aiki da mu a ranar.

Mai tsaron baki yana kwance rub da ciki ko a durƙushe yana kallo, yana kuma jan na ƙasa da magana, duk minti ɗaya ko biyu. "Ƙane, yaya?" "Lafiya lau, Yaya." Ba amsar kaɗai yake saurare ba, har da yadda ta fito. Harshe ya yi nauyi, ko amsa ta yi jinkiri, ko ya fara dariyar da ba dalili, ko shebur yana suɓuce masa, sai a ja shi ko yana cewa lafiyarsa ƙalau, don ƙarancin oksijin hankali yake fara taɓawa, mai shi ba ya sanin ya shiga hali. Shi ma na ƙasan in ya ji ciwon kai, jiri, bugun zuciya ko idonsa na yaji, ya girgiza igiya sau uku. Ba a tambayarsa dalili sai ya fito. Minti 20 ne zango, a canji mutum.

Lokacin da aka fara caccakar taɓo shi ne gwaji na gaskiya. Baƙin taɓon da ya shekara yana riƙe da iskar masai a cikinsa, shebur na shiga tana tashi. Da farko za a ji warin ruɓaɓɓen ƙwai. In ta yi yawa, wajen kashi 100 cikin miliyan, sai ta kashe jin warin, mutum ya ce ai ya wuce, alhali ƙaruwa ya yi. A 700 zuwa sama shaƙa ɗaya ko biyu ke kayar da mutum. Saboda haka tun daga sama muke fara dama taɓon da doguwar gora ko ƙarfe a igiya, bulowa na aiki, kafin kowa ya sauka. Wari ya ɗauke farat ɗaya, a fito.

Guga ba a cika shi fal, kashi biyu cikin uku ya isa, kuma ƙugiyarsa mai rufewa ce. Yana tashi, na ƙasa ya manne da bango a ƙarƙashin ɗan katakon da muke gicciyawa a gefe ɗaya sama da kansa, ba ya ɗaga kai yana kallo. Kayan aiki a guga ake saukewa, ba a jefawa. A ƙarƙashin ƙafarsa akwai faffaɗan katako don kada ya nutse. In ƙafa ta kafe a taɓo ba a fizgar mutum, balle a ce a ɗaura igiyar a mota ko shanu; a zuba ruwa a gefen ƙafar yana motsa ta har ta saki. Idan ana son ƙara zurfi a rairayi, ba a haƙe ƙarƙashin zoben ƙarshe fiye da taƙi ɗaya a lokaci guda, kuma a zagaye daidai, don ya sauka a miƙe. Yashi ya fara bulbulowa da ruwa daga ƙasa, aiki ya tsaya nan.

To in abin da ake gudu ya faru, na ƙasa ya yi shiru? A ja igiya, bulowa na ci gaba, wani ya kira 112 ko 'yan kwana-kwana, wani ya nemo mota. Mai tsaron baki yana lura kada kai ya bugi gefen zobe. Ba wanda zai shiga. Faɗar wannan da sauƙi, yinsa da wuya, don wanda ke ƙasa ɗan wani ne, ƙanen wani ne, kuma mata na kuka. Amma iskar da ta kayar da na farko tana nan tana jiran na biyu. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta bayyana a 1986 cewa fiye da kashi 60 cikin 100 na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu zuwa ceto ne. Duk wanda ke jin labaran Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano a rediyo ya san salon: ɗaya ya shiga, na biyu ya bi shi, na uku ya bi su. Riƙe numfashi ba ya yi, saukar gaba 8 da ɗaure mutum da hawowa ya fi ƙarfin numfashi ɗaya. Shi ya sa tun da safe muke gaya wa mai gida da dattijon da ke tsare layi cewa in wani abu ya faru, aikinsu shi ne riƙe 'yan'uwa. Shiga ceto sai mai tukunyar numfashi a baya, shi ma da igiyarsa.

An fito da shi, a kwantar a fili, a sassauta ɗamara. Yana numfashi, a juya shi gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe shi. Ba ya numfashi, a fara danna tsakiyar ƙirji da hannu biyu, zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane 30 a hura masa baki sau 2, ana canjin hannu har ya dawo ko a isa asibiti. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu oksijin, don haka ba a jira mota kafin a fara. Kada a ɗura wa sumamme madara ko manja ko ruwa, huhu za su tafi. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti a faɗa musu abin da ya shaƙa. Mai hayaƙin inji yana bukatar oksijin, iskar masai kuma tana iya tara ruwa a huhu bayan awanni.

Yawancin masu mutuwa a rijiya ma ba 'yan sana'a ba ne. Guga ne ya faɗa, ko waya, ko ɗan akuya, sai a ce wa saurayi ya ɗan shiga ya ɗauko. Ƙugiya mai baki uku a igiya tana fito da guga, zarge a bakin gora yana fito da dabba.

Masai da sokawe kuwa ba ma shiga kwata-kwata. A buɗe murfi a ja baya, ba sigari, ba ashana, a kwashe daga sama da guga mai doguwar mariƙa ko a kira motar zuƙa. Tankin fetur na ƙarƙashin ƙasa aikin masu kayan numfashi ne. Sito ko rumbun da aka sa wa ƙwayar Phostoxin ta kashe ƙwarin hatsi, a buɗe ƙofa da tagogi daga waje a bar shi ya sha iska sosai yadda takardar maganin ta ce, kuma ba a sa wannan ƙwayar a ɗakin da ake kwana ko mai haɗe da shi.

Idan an gama yasa, mutum na ƙarshe ya fito, an ƙirga kayan aiki, sai wanke ruwan. Garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 muke amfani da shi, giram 80 ga kowace lita 1,000. A rijiyarmu mai faɗin mita 1.2, in ruwa ya taru mita 2, lita 2,260 ke nan, giram 180. A dama shi a bokitin roba a fili, iska na bayanka, a bar gari ya kwanta, a zuba ruwan daga sama yana bin bango. Daga nan ba mai sake shiga, ko an manta shebur a ciki, don tururin kulorin ma ƙasa yake kwanciya. A rufe ta kwana ɗaya, washegari a kwashe ruwan a zubar nesa da shuka har warin ya tafi, sannan a sha. In aikin zai kwana bai ƙare ba, muna rufe baki da katako mu ɗora bulo saboda yara da dabbobi, da safe kuma a sake gwaji da hurawa daga farko, don dare ɗaya ya isa iskar ta sake taruwa.